Darasin Tazarce: Wa Ke Taka Wa Shugaban Ƙasa Birki Idan Ya Ƙetare Iyaka?

Matashin da aka haifa a shekarar 2005 yana ɗan shekara huɗu lokacin da kalmar tazarce ta cika bakin ƴan Nijar. Yau shi ne ke kasuwanci a Maradi, ko karatu a jami'ar Damagaram, ko neman na kansa a Kano, Kwatano da Abijan. Abin da ya sani game da shekarar 2009 labari ne ya ji daga bakin manya, kuma labarin da ya fi yawo shi ne na Baba Tandja mai son talakawa, wanda ya gina azuzuwan makaranta da gidajen likita a karkara, ya kuma tsaya wa kamfanin Areva a kan farashin uranium. Babu ƙarya a cikin wannan. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba: yadda shugaban da jama'a suka zaɓa har sau biyu ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki cikin mako biyar, don ya ƙara wa kansa wa'adi.

Waiwayar wannan labari ba tonon silili ba ne ga marigayin, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 24 ga Nuwamban 2020. Dalilin waiwayar shi ne, tazarce ta nuna a fili wani abu da har yau ƙasar ba ta warware ba. Kundin tsarin mulki takarda ce, ba ta da hannun da za ta kare kanta. Idan shugaba ya taka ta, dole wani ya tsayar da shi, kuma makomar ƙasa ta dogara ne a kan ko wane ne wannan wanin: alƙali da ɗan majalisa da mai ƙuri'a, ko kuwa mai bindiga.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin mulkin jamhuriya ta biyar, wanda ya fara aiki ranar 9 ga Agustan 1999, bai bar wata kafa ba a kan batun wa'adi. Aya ta 36 ta ce shugaban ƙasa na yin shekara biyar, ana iya sake zaɓensa sau ɗaya tak. Aya ta 136 ta sa wa wannan ƙofa kwaɗo, domin ta jera abubuwan da ba a taɓa su ko da an tashi gyaran kundin, kuma aya ta 36 na cikinsu. Waɗanda suka rubuta kundin sun fito ne daga shekaru masu ɗaci: rikicin shugaba Mahamane Ousmane da faraminista Hama Amadou a 1995, juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara ranar 27 ga Janairun 1996, da kisan Baré ɗin ranar 9 ga Afrilun 1999. Sun san abin da suke gudu.

A ƙarƙashin wannan kundi aka zaɓi Tandja Mamadou a 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Sau biyu ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya yi rantsuwar mutunta shi. Wa'adinsa na ƙarshe zai cika ranar 22 ga Disamban 2009.

Tun ƙarshen 2008 aka fara jin kiraye-kirayen tazarce, a wajen bikin aza harsashin matatar man fetur ta Damagaram, sannan a wani gangami da aka yi a Yamai cikin watan Disamba. Kalmar kanta ba sabuwa ba ce a kunnen Bahaushe, don ita aka yi ta rerawa a Najeriya lokacin da Janar Sani Abacha ke shirin cire kaki ya zarce a 1998. Hujjar da aka kawo a Nijar ita ce manyan ayyuka: matatar mai, madatsar ruwa ta Kandadji, gada ta biyu a Yamai, da ma'adinan Imouraren. Aka ce a bar wanda ya fara ya ƙarasa.

Mako biyar da suka rusa jamhuriya

Hanyar gyaran kundi ta majalisa a rufe take. Doka ta hana taɓa ayar wa'adi, kuma ko ba don haka ba, jam'iyyar MNSD mai mulki kujeru 47 gare ta cikin 113, alhali gyara na buƙatar rinjaye mai yawan gaske. Sai fadar shugaban ƙasa ta ɓullo ta wata hanya. Aya ta 49 ta bai wa shugaba damar kiran zaɓen raba gardama a kan wata doka, amma ban da gyaran kundin tsarin mulki. Masu ba shi shawara suka ce ai wannan ba gyara ba ne, sabon kundi ne ɗungurum.

Ranar 25 ga Mayun 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin jagorancin mai shari'a Fatimata Bazèye Salifou, ta ba da ra'ayinta cewa shirin ya saɓa wa doka da kuma rantsuwar shugaban. Washegari, 26 ga Mayu, Tandja ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen raba gardamar, kuma wannan karon hukunci ne da kundin ya ce ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ya hau kan kowa. Ranar 26 ga Yuni shugaban ya jingina da aya ta 53 ya bai wa kansa iko na musamman, ikon da aka tanada don lokacin da ƙasa ke cikin mummunan haɗari. Kwana uku bayan haka, ranar 29 ga Yuni, ya rusa kotun kanta, daga baya ya naɗa wasu alƙalan.

Abin lura a nan shi ne, kusan kowane mataki an yi masa riga da wata ayar doka. Rusa majalisa yana cikin ikon shugaba. Kiran zaɓen raba gardama yana cikin ikonsa. Iko na musamman ma kundin ne ya tanade shi. Haka shugabannin wannan zamani ke ƙetare iyaka: ba sa cewa sun yi watsi da doka, sai dai su ɗauki ikon da doka ta ba su don wata manufa, su sare da shi reshen da ke hana su wucewa. Shi ya sa talaka ke shan wahalar gane lokacin da aka tsallake layi, tun da kowane ɓangare na riƙe da kundi ɗaya yana karanto aya.

Hujjar da ke da nauyi

Magoya bayan tazarce suna da tambayar da ba a iya share ta da dariya. Suka ce mulki na jama'a ne, to idan jama'a na son mutum ya ci gaba, wace takarda ce za ta hana su? Da yawa cikin masu wannan magana ba ƴan neman muƙami ba ne. Manoma ne da mata da suka ga amfanin shirin musamman na shugaban ƙasa a ƙauyukansu, suna kuma tsoron wanda zai zo ya manta da su.

Amsar ita ce, iyakar wa'adi an yi ta ne daidai saboda shugaba mai farin jini. Wanda jama'a suka ƙi, akwatin zaɓe ya ishe shi. Amma wanda ya shekara goma a kan kujera, gwamnoni da kantomomi nasa ne, kafofin watsa labaran gwamnati na hannunsa, ƴan kasuwa masu neman kwangila na bayansa, sarakunan gargajiya kuma ba su da bakin ce masa a'a. A irin wannan yanayi babu mai iya rarrabe ƙauna ta gaskiya da tsoro ko kwaɗayi. Kuma ƙofar da aka buɗe wa shugaban da ake so, ba ta rufuwa idan wanda ba a so ya iso. Sabon kundin da Tandja ya kawo bai tsaya ga ƙara masa shekara uku ba tare da zaɓe ba, ya cire iyakar wa'adi baki ɗaya, ya kuma tattara ikon gwamnati a hannun shugaban ƙasa. Duk wanda ya gaje shi, nagari ko mugu, da wannan gadon zai tarar.

Su kansu ayyukan da aka kafa hujja da su sun ba da tasu amsar. An buɗe gadar Yamai ta biyu da matatar Damagaram a 2011, Tandja ba ya kan mulki. Imouraren kuwa aka dakatar da shi saboda faɗuwar farashin uranium a kasuwar duniya, abin da ba ruwansa da ko wane ne ke zaune a fada. Aikin ƙasa da ya dogara da ran mutum ɗaya, tun farko harsashinsa bai zauna ba.

Yadda masu zaɓe suka amsa

Ba za a ce ƴan Nijar sun yi shiru ba. Jam'iyyun adawa da ƙungiyoyin fararen hula sun haɗu a ƙawancen CFDR. Jam'iyyar CDS ta Mahamane Ousmane, wadda ke cikin gwamnati, ta janye ministocinta. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun kira yajin aiki. Dubban mutane sun fito kan titunan Yamai, kuma a wajen irin wannan gangami ne ranar 14 ga Yuni rashin lafiya ta kama Moumouni Adamou Djermakoye, jagoran ANDP, ya rasu a ranar. An kama ɗan fafutuka Marou Amadou a watan Agusta.

Amma da ranar zaɓen raba gardama ta zo, 4 ga Agustan 2009, ƴan adawa sun zaɓi ƙaurace masa, saboda a ganinsu shiga zaɓen da kotu ta haramta tamkar halatta shi ne. Hukumomi suka bayyana cewa sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince, kuma kashi 68 na masu rajista sun fito. Ƴan adawa suka ce ƙalilan ne suka je rumfunan zaɓe. Har yau kowane ɓangare na riƙe da nasa lissafin. Wannan ita ce illar ƙaurace wa zaɓe: tana tsare mutuncin mai ita, amma tana barin akwati da alƙaluma a hannun abokin hamayya, babu wakili a rumfa da zai ƙirga. Haka aka maimaita a zaɓen ƴan majalisa na 20 ga Oktoba, wanda ya sa ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai ma ta tsayar da tallafinta. Sulhun da tsohon shugaban Najeriya Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta bai kai ko'ina ba.

Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron ministoci, suka yi awon gaba da Tandja. Kwana biyu bayan haka dubban mutane suka fito a Yamai suna yi wa sojojin tafi, ciki har da waɗanda suka kwashe watanni suna kare kundin tsarin mulki. Ana iya fahimtar murnarsu. Sojojin sun kuma cika alƙawari, suka shirya zaɓe, suka miƙa mulki a Afrilun 2011. Sai dai darasin da ya zauna a zukatan mutane mai haɗari ne: cewa idan ƴan siyasa suka rikice, akwai alƙali na ƙarshe a bariki. Abin da kotu ta faɗa da hujja ba a ji ba, sai da bindiga ta maimaita shi.

Inda farar hula suka yi aikin da kansu

Ba dole ba ne labari ya ƙare haka, kuma misalan na nan kusa. A Najeriya, lokacin da magoya bayan Olusegun Obasanjo suka nemi gyara kundi don ya yi wa'adi na uku, majalisar dattawa ce ta yi fatali da ƙudurin ranar 16 ga Mayun 2006. An watsa muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa na kallon bakinsa, kuma jam'iyyar shugaban ce ke da rinjaye a zauren.

A Senegal abin ya faru sau biyu. A 2012 majalisar tsarin mulki ta bai wa Abdoulaye Wade damar neman wa'adi na uku duk da zanga-zangar da aka sha yi. Ƴan adawa ba su ƙaurace ba. Sun shiga zaɓen, suka haɗa kai a zagaye na biyu, Macky Sall ya kada Wade da kusan kashi 66 cikin ɗari. A 2024 kuma Macky Sall ɗin da kansa ya ɗage zaɓen da aka shirya yi ranar 25 ga Fabrairu, majalisar dokoki ta mayar da shi watan Disamba. Ranar 15 ga Fabrairu majalisar tsarin mulki ta soke ɗagewar. Matasa sun fito, wasu sun rasa rayukansu, malaman addini da na jami'a da ƙungiyoyin fararen hula sun tsaya a kan magana ɗaya, sojoji kuma suka zauna a barikinsu. Shugaban ya bi hukuncin. Ranar 24 ga Maris aka yi zaɓe, Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin nan yana gidan yari, ya yi nasara tun zagayen farko da kashi 54.

Alƙalan Yamai na 2009 ba su gaza na Dakar jarumta ba. Bambancin shi ne abin da ke bayan alƙalan. A Dakar shugaban ya lissafa ya ga rusa kotu zai jawo masa asarar da ba zai iya ɗauka ba, har a cikin nasa sansanin. A Yamai shugaban ya lissafa ya ga zai iya, domin jama'a a rabe suke, kuma da yawa na kallon rikicin a matsayin faɗan manyan Yamai da bai shafi farashin buhun hatsi ba.

Wa'adi biyu kaɗai ba su isa ba

Kundin 25 ga Nuwamban 2010 ya ƙara ɗaure batun wa'adi tamau, kuma Mahamadou Issoufou ya mutunta shi, ya sauka ranar 2 ga Afrilun 2021 ya miƙa wa Mohamed Bazoum. Wannan ne karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe mulki a tarihin ƙasar, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Amma iyakar ikon shugaba ta wuce ƙirga shekaru. A zaɓen 2016 babban ɗan adawa Hama Amadou daga gidan yarin Filingué ya yi takara, ƴan adawa suka sake ƙaurace wa zagaye na biyu, shugaba mai ci ya samu sama da kashi 92, kusan alƙaluman da aka gani a 2009. A Maris 2018 an tsare jagororin fararen hula irin su Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika na tsawon watanni saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi. Hana jerin gwano ya zama ruwan dare. Ƴan Nijar mazauna waje, waɗanda doka ta ware wa kujeru 5 cikin 171 na majalisa, ba su samu jefa ƙuri'a ba a zaɓen ƙarshen 2020. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tasa hujjar a takarda, amma haɗuwarsu ta koya wa matasa cewa kundin tsarin mulki kayan aikin masu mulki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da kundi bai taɓa kare shi ba, da wuya ya fito kare kundin ranar da aka jingine shi, kuma abin da aka gani ke nan bayan 26 ga Yulin 2023.

Abin da ya kamata a duba gobe

Tun daga wannan rana kundin 2010 ba ya aiki. A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da daftarin sake gina ƙasa, wanda ya tanadi wata 60 da ake iya sauyawa gwargwadon hali, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Ra'ayoyi sun sha bamban a kan wannan tafiya. Amma komai tsawonta, wata rana za a zauna a rubuta sabon kundi, a kawo wa jama'a su ce eh ko a'a. Nijar ta ga jamhuriya bakwai da juyin mulki biyar tun 1960. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ya dace matasa su san tambayoyin da za su yi.

Ta farko, wa ke naɗa alƙalan kotun tsarin mulki, kuma wa ke iya tsige su? Kotun 2009 ta iya tsayawa ne saboda yawancin mambobinta bakwai takwarorinsu ne suka zaɓe su, alƙalai da lauyoyi da malaman shari'a da masu kare haƙƙin ɗan Adam, ba fadar shugaban ƙasa ba. Ta biyu, iko na musamman: kwana nawa zai yi, wa ke tabbatar da cewa haɗarin na gaske ne, kuma me aka haramta wa shugaba taɓawa a lokacin? Ta uku, zaɓen raba gardama: shin shugaba na iya kiransa shi kaɗai, ko sai kotu ta duba tambayar kafin a buga takardun ƙuri'a? Ta huɗu, ƴancin taro da na faɗin albarkacin baki: shin magajin gari ko gwamna na iya hana jerin gwano da sa hannu ɗaya, ba tare da alƙali ya duba cikin gaggawa ba? Ta biyar, ƙuri'ar ƴan ƙasa mazauna waje, waɗanda kuɗinsu ke ciyar da gidaje da yawa a Tawa da Maradi da Damagaram: shin haƙƙi ne tabbatacce ko alfarma ce da ake bayarwa idan an ga dama? Kuma ya wajaba a fassara kundin da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta shi a gidajen rediyo kafin ranar zaɓe, domin ba a kare abin da ba a san abin da ya ƙunsa ba.

Sai dai ko an rubuta mafi kyawun ayoyi, aiki mafi wuya na wuyan mai ƙuri'a. Yin tir da shugaban da ba a so idan ya taka doka abu ne mai sauƙi, kowa na iyawa. Jarrabawar ita ce ranar da wanda ya taka dokar ɗan jam'iyyar mutum ne, ko ɗan yankinsu, ko wanda ya gina rijiya a ƙauyensu. A 2009 wasu sun ci wannan jarrabawa, da yawa sun faɗi, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ci ta a lokacin sun faɗi da mulki ya dawo hannunsu. Shugaba na duba fuskar magoya bayansa ne kafin ya ƙetare iyaka. Idan ya ga su ma ba za su yafe masa ba, da kansa zai ja da baya, ba sai an kai ga harbi a ƙofar fada ba.